Yana Kwance a Tasha

"Ƙarya ce," na ce masa, "ko ta ina ka juya ta."

"Wace ƙarya kuma, Malama? Ce wa Umma kika yi aikin wayoyi nake yi. To ba wayoyin nake taɓawa ba?"

"Wayoyin fanka ta ɗauka."

"Ita ta ɗauka. Ke ba ki ce fanka ba."

Muna tsaye ne a bakin ƙofar makarantar da nake koyar da Hausa, an tashi yara, ina rungume da littattafan da zan duba a gida. Ya miƙo hannu zai karɓa, na hana shi. Haka nake idan raina ya ɓaci, ba na son taimakon kowa.

"Wata biyar ke nan kana shiga gidanmu," na ce. "Umma ta fara maganar ka turo magabatanka. Ranar da za ta ji a bakin wani fa?"

"Sai mu faɗa mata yau."

"Ka haukace?"

Ya yi murmushin nan nasa mai ba ni haushi. "To, masoyiyata, wanne kike so? Na yi shiru, laifi. Na yi magana, hauka."

Gaskiya ni ma ban san wanda nake so ba.

Ɗan sanda ne. Ba irin na kan titi ba, yana sashen da ake kira idan an ga mota ko jakar da ba a san mai ita ba, wato masu kwance bam. Shekara huɗu ke nan wata ƙungiya mai iƙirarin yaƙin addini take dasa bama-bamai a garinmu, kuma masu kaki take nema: ofisoshin 'yan sanda, shingayen bincike, motocin sojoji. Ba a kiran sunanta a kan titi. "Waɗancan" ake cewa, a ɗan rage murya. 'Yan sanda sun daina fitowa daga gida da kaki, a leda suke ɗauka sai sun isa ofis.

Babana na cikin na farkon da suka tafi. Saje ne, saura wata bakwai ya yi ritaya. An ajiye wata mota a ƙofar ofishinsu tun safe, kowa ya ɗauka ta wani mai kawo ƙara ce. Da azahar ya fito zai yi alwala.

Bayan Umma ta fita takaba muka bar bariki, ta kama ɗaki biyu da tsakar gida, ta sa keken ɗinki a ɗakin waje. Magana ɗaya ta yi a kan abin, ba ta sake ba.

"Na gama da kaki. Duk wadda ta kawo min mai kaki, ta nemi wata uwar."

Yayyena biyu sun riga sun yi aure. Don haka ko da ta ce "duk wadda", ni auta take nufi.

A ajina na fara ganinsa. An turo shi ya wayar wa yara kai, kada su riƙa ɗaukar abin da suka tsinta a hanya. Ya ɗauki alli ya rubuta da manyan baƙaƙe: KADA KU TABA. Na jira ya gama, na tashi, na karɓi allin na sa wa harafin lanƙwasarsa.

"Taɓa," na ce. "Abin da ka rubuta wa yarana, sigari ne."

Yara suka fashe da dariya. Ya tsaya yana kallon allo, sannan ya ce, "Ita ma ai kada su kusance ta."

Washegari ya dawo wai yana neman ƙarin darasi. Na so in kore shi, Allah ya sani. Sai dai ban taɓa ganin mutum mai natsuwar hannu irinsa ba. Ko kofi zai ajiye, ba ka jin ƙarar saukarsa. Kafin in ankara na kamu, kamu mai tsanani.

Ranar da ya fara zuwa gaishe da Umma ta tambaye ni sana'arsa, sai bakina ya riga ni, na ce aikin wayoyi yake yi. Daga ranar ya zama Injiniya. Ya gyara mata fanka, ya gyara dutsen guga, ya warware injin keken ɗinkinta ya mayar, ya daina cin zare. Umma, wadda ba ta cika yabon mutum ba, ta fara aje masa shayi a flas tun kafin ya zo.

"Yaron nan yana da hankali," takan ce. "Ki riƙe shi da kyau, Auta. Mai sana'ar hannu a gidansa yake kwana."

Nakan ce to, in shige ɗaki.

Kwana tara bayan faɗanmu na ƙofar makaranta asirin ya tonu, kuma ba a bakin kowa ba.

Ranar Asabar ce da hantsi. Wata mai kawo wa Umma ɗinki ta zo ta tarar muna can ƙarshen tsakar gida muna shanya, ta yi sallama ba mu ji ba, sai ta ajiye baƙar jakarta a bakin ƙofar ɗakin ɗinki ta wuce kasuwa. Ba mu gani ba. Shi ya gani da ya shigo.

"Jakar wa ce wannan?"

Muryar ba tasa ba ce. Babu wasa a cikinta ko kaɗan.

"Wace jaka?" in ji Umma, ta nufo wurin tana goge hannu.

"Tsaya nan, Umma. Kada ki ƙara taku. Malama, kashe wayarki. Ki kashe ta Umma ma. Ku bi ta jikin bango ku fita, ku tsallaka titi, ku tsaya bayan katangar can. Kada ku yi gudu."

Muka fita. Daga inda muke tsaye, ta ƙofar da ya bari a buɗe, muna hangensa. Ya cire agogo ya ajiye. Ya kwanta rub da ciki, ya kai kuncinsa ƙasa yana duba gindin jakar. Ya daɗe a haka kafin ya kai yatsu biyu.

Atamfa turmi biyu ce da zif.

Ya fito yana kakkaɓe gwiwa, yana ƙoƙarin dariya. "Ku yi haƙuri, Umma, garin ne ya sa kowa..."

"Lambarka nawa?" ta ce.

Ya daina kakkaɓe gwiwar.

"Shekara ashirin da biyu na yi a bariki. Na ce lambarka nawa?"

Ya faɗa, har ƙafafunsa suka haɗe da kansu.

Umma ta gyaɗa kai. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta juyo ta kalle ni.

"Kin sani?"

"Na sani, Umma."

"Wata biyar kina kallona ina dafa masa shayi."

"Umma, tsoro nake ji..."

"Ba ki san tsoro ba tukuna." Ta koma kansa. "Kai kuma, ban ƙi ka ba. Da ma na ƙi ka, da ya fi min sauƙi. Ka ajiye aikin, ka kawo min takardar in gani da idona, in ba ka ita ko sisi ba ka da shi. In ba haka ba, kada ka ƙara tako min gida."

Ta ɗauki jakar atamfar ta shige, ta rufe ƙofa a hankali.

Na ɗauka maganar mai sauƙi ce. Yana da sana'a a hannu, ko shago ya buɗe zai ci abinci. Na faɗa masa haka a waya, na faɗa masa a ƙofar makaranta, na faɗa masa ina kuka.

"Mu goma sha ɗaya ne da aka buɗe sashen," ya ce. "Yanzu mu biyar ne. Shekara biyu ake yi kafin a horar da mutum ɗaya."

"To ka zama na bakwai a kabari, a ce jarumi ne?"

"Malama..."

"Ina son ka, ka sani. Ban taɓa son wani abu haka ba. Amma ba zan taka uwata in zo gare ka ba. Ita kaɗai ta rage min."

"Ban ce ki taka ta ba, zuciyata. Amma idan na ajiye, gobe a kira a ce ga mota a bakin wani ofis, wa zai je? Baban wata ne a ciki."

Na ji haushin maganar don gaskiya ce, kuma don da mahaifina ya yi min misali. Na kwashi littattafaina na tafi.

Sati uku muka yi a haka. A gida ni da Umma muna gaisawa, muna cin abinci, ta yi ɗinki, in duba jarrabawa. Fankar da ya gyara tana juyawa a kanmu, ba wadda take ɗaga kai. Na rame, ta gani. Ita ma ta rame.

Daga ƙarshe ya aiko ta bakin Baffana cewa yana roƙon a ba shi izini ya zo sau ɗaya, ranar Laraba da ƙarfe huɗu. Ba don ya canza magana ba, sai don ya nemi gafarar ƙaryar da aka yi mata, ya yi sallama kamar ɗan mutunci. Umma ta ce ya zo.

Ranar Laraba, biyu da rabi, na dawo daga makaranta ke nan ina cire takalmi, ƙarar ta zo. Gilashin taga ya kaɗa, almakashi ya faɗo daga kan keke. Duk wanda ya zauna a garinmu ya san bambancin wannan da fashewar taya.

Umma ta tsayar da keke. "Wajen tasha ne," ta ce.

Akwai shingen bincike a bakin tashar mota, kowa ya sani. Na ɗauki waya na kira shi, a kashe. Na sake kira. Na zauna a bakin gado da wayar a cinyata, ina kallon agogo. Uku ta yi, uku da rabi ta wuce.

Huɗu saura minti goma saƙo ya shigo daga wata lambar da ban sani ba.

"Malama nine Kofur. Oga yana kwance a tasha. Kar ka kira."

Kofur direban motarsu ne, na taɓa ganinsa sau biyu. Na karanta saƙon sau uku. Ban yi ihu ba. Na tashi na miƙa wa Umma wayar.

Ta sa tabarau ta karanta. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce a hankali. "Sa hijabinki."

"Umma, ba za su bar mu..."

"Na ce sa hijabinki."

Ta shiga ɗakinta, na ji ta buɗe akwati. Ta fito da wani abu a ƙarƙashin hijabi, ta danne shi da hammata.

Babu abin hawan da ya yarda ya nufi wajen. Da ƙafa muka tafi, mutane na kwararowa ta inda muka dosa, wasu ba takalmi. Umma mai ciwon gwiwa, wadda sai ta dafa bango take miƙewa daga kan sallaya, ita ce a gabana duk tsawon hanyar. Ni kuwa abu ɗaya ke yawo a kaina: maganar ƙarshe da na yi masa a kan kabari ce.

An ja igiya mai ja da fari tun daga nesa da tasha. Ana hangen hayaƙi, ana jin warin ƙonanniyar roba. Motocin asibiti biyu suka wuce mu. Wani ɗan sanda riƙe da bindiga ya tare mu.

"Mama, koma baya. Ba a wucewa."

"Ɗana ne a ciki."

"Kowa ɗansa ne a ciki. Koma baya."

"Mijin 'yata ne," in ji Umma, da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba. "Surukina ne, ɗan sanda irinka. Ga matarsa nan. An ce yana kwance a ƙasa. Ko ka matsa, ko ka harbe ni in wuce."

Mutumin ya rasa abin yi. Ana cikin haka Kofur ya hango mu daga jikin motarsu, ya taho da sauri, yana ɗaga hannu.

"Malama! Me ka zo yi a nan? Ba na ce kar ka kira ba?"

"Ina yake?" na ce. "Ina kuka kwantar da shi?"

"Wa?"

"Ka ce yana kwance."

"E mana. Yana kwance. Bam na farko ya tashi a shinge, mutum uku namu sun tafi. Waɗancan sun ajiye na biyu a cikin mota don mu da za mu zo taimako. Shi ne Oga yana kwance. Ya ce in faɗa maka zai makara, ki ba Mama haƙuri."

Na tsaya ina kallon bakinsa. Kofur a bariki ya koyi Hausa, namiji da mace duk "ka" ne a wurinsa, in ya ga dama ya sa "ki".

"Yana kwancewa," na ce. "Kwancewa ake cewa... Yana kwancewa."

"Ba shi na faɗa ba?"

Na zauna a gefen titi. Dariya ta zo min da kuka a haɗe, na toshe baki da hijabi. Umma ba ta zauna ba. Ta riƙe igiyar da hannu ɗaya.

"Nuna min shi," ta ce wa Kofur.

Ya nuna. Can tsakiyar filin tasha, inda aka kori kowa, akwai wata farar mota ita kaɗai. Wani mutum cikin ƙatuwar riga mai nauyi, da hular ƙarfe mai gilashi, yana durƙushe a bakin ƙofarta ta baya. Ba ka gane ko wane ne. Ni na gane, ta yadda yake kai hannu.

Sojoji da bindigoginsu suna laɓe a bayan motoci da buhunan yashi. Manya masu taurari a kafaɗa suna can baya fiye da mu. Shi kaɗai ne a fili.

"Ba mai taya shi?" in ji Umma.

"Mutum ɗaya yake zuwa, Mama. In ya tashi, ɗaya ne ya tafi."

Minti arba'in muka yi. Na kasa kallo, na sunkuyar da kai ina karanta duk abin da ya zo bakina. Umma kuwa ko sau ɗaya ba ta kawar da ido ba.

Sai na ji Kofur ya sauke numfashi. Na ɗago. Mutumin ya miƙe, ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya juyo yana tahowa a hankali, rigar na jan sa.

Mutum biyu suka cire masa hular da rigar. Ya jiƙe sharkaf, idanunsa sun yi ja. Kofur ya raɗa masa wani abu a kunne, ya waigo, ya gan mu. Ya taho har bakin igiya, ya durƙusa a gaban Umma a kan kwalta.

"Umma, ku yi haƙuri. Na saɓa alkawarin ƙarfe huɗu. Na zo ne in ce..."

"Tashi."

Bai tashi ba.

"Motar nan," ta ce, "tun yaushe take ajiye?"

"Tun safe, aka ce."

Ta daɗe tana kallon farar motar. "Ta Baban Auta ma tun safe take. Awa biyar. Ba wanda ya je ya duba."

Ta zaro abin da ta danne a hammata tun daga gida. Farin zane ne, sabo, a ninke. Sai a lokacin na gane abin da ta ɗauko shi ta yi.

"Da na isa wurin Babanta," ta ce, "da kwali suka rufe shi. Kwalin sabulu, ƙafafunsa a waje. Yau da na ga saƙon nan sai na ce ba za a rufe min ɗa da kwali ba."

Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe. Shekara huɗu ban ga hawayen Umma ba, ko ranar jana'iza, sai yau. Ta miƙa masa zanen ta saman igiya.

"Goge fuskarka."

Ya karɓa da hannu biyu. Hannayen da ban taɓa ganin sun yi rawa ba, suna rawa.

"Umma, ba zan iya ajiye aikin ba," ya ce. "Ba na so in sake yi miki ƙarya."

"Wa ya tambaye ka? Ka turo magabatanka wurin Baffanta."

Ta juyo gare ni. Babu murna a fuskarta, kuma ba ta yi ƙoƙarin nuna akwai ba.

"Auta, abin da kika ji daga gida zuwa nan, kin ji shi?"

"Na ji, Umma."

"Haka za ki riƙa ji duk ranar da ya fita. Ba ya raguwa, ba a sabawa. Har yanzu kina so?"

Na kalle shi, yana durƙushe da farin zanen a fuskarsa.

"Ina so."

"To," ta ce. "Ba ni kafaɗarki, gwiwata ta ƙi. In ƙarar ta sake zuwa, ki taho gida mu jira tare."